Yadda Za Ka Ba Mai Son Saye Ɗanin Babur Mai Caji a Zariya

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, duk mai babur mai caji a garin nan ya san abin da zan faɗa. Ka kafe shi a ƙofar masallaci, ko a bakin kasuwar Sabon Gari, kafin ka fito ka tarar an kewaye shi. Tambayoyin ba sa canzawa. "Malam, da gaske ba ya shan mai?" "In an caza shi zai kai Samaru ya dawo?" A ƙarshe kuma wani ya matso kusa, ya sassauta murya, ya ce, "Don Allah ba ni in ɗana."

Masu neman ɗanin nan iri biyu ne. Akwai wanda naka yake son saye, akwai kuma wanda sabo zai sayo amma yana son jin gaskiya daga bakin wanda ya hau shi rani da damina. A shago babur yana cikin leda, iyakarta a kunna maka fitila a danna maka oda. Saboda haka ɗanin da kai mai babur za ka bayar, sau da yawa shi ne kaɗai gwajin da mutum zai yi kafin ya fitar da kuɗin da ya daɗe yana tarawa. Abin da ya sa na ɗauki maganar da muhimmanci ke nan. Ɗanin minti biyu a kan kwalta mai santsi, da batir a cike fal, ba ya nuna wa mutum komai sai daɗi. Shi kuwa ba daɗin minti biyu zai saya ba, abin hawan da zai kai shi aiki kullum ne, ya ɗauko masa yara daga makaranta, ya ɗauko buhun masara.

Mataki na farko: a yi magana kafin makulli ya bar aljihunka

Ka zauna da shi ka yi masa tambayoyi kamar kai ne mai sayen. Ina yake zaune, ina yake aiki, sau nawa yake zirga-zirga a rana? Yana yin goyo? Awa nawa suke samun wuta a unguwarsu, kuma da rana take zuwa ko da tsakar dare? Yana da sola a gida? A ina zai riƙa kwanar da babur ɗin, akwai soket kusa da wurin?

Amsoshin nan su ne za su tsara ɗanin gaba ɗaya. Malamin makaranta da ke zaune a Tudun Wada yana koyarwa a Gyallesu, buƙatarsa daban da ta ma'aikacin da zai tashi daga Wusasa kowace safiya ya nufi asibitin koyarwa na Shika. Na farkon kusan kowane ƙaramin babur mai caji zai ishe shi. Na biyun sai an zauna an yi lissafi, domin tafiyarsa doguwa ce, kuma akwai manyan motoci a hanya. Idan ɗalibi ne da ke zaune a bene, nauyin batir ya shigo ciki: batirin dalma mai 12V 20Ah (lambobin da ake rubutawa a jikinsa, V ƙarfin wutarsa, Ah yawan cajin da yake riƙewa) guda ɗaya yakan kai kilo 6 zuwa 7, guda biyar sun haura kilo 30, kuma galibi a ɗaure suke cikin babur, ba a ciro su a hau da su ɗaki. Batirin litiyom mai ƙarfi ɗaya da su bai kai rabin wannan nauyin ba, wasu ma da mariƙi suke zuwa.

In ka ga babur ɗinka bai dace da rayuwarsa ba, ka faɗa masa tun a nan. Wanda ya ce maka acaba zai yi da ƙaramin babur mai batirin dalma, daga asuba har isha, ka gaya masa ba zai kai labari ba, sai dai ya nemi babba wanda aka yi domin wannan aikin.

Mataki na biyu: san wanda za ka miƙa wa

Wannan wajen ba a yin kara. Babur mai caji ba shi da salansa, in ya sha kwana ba za ka ji ko ta wane lungu ya bi ba. Wanda ka sani, ko wanda wani mutumin kirki ya kawo shi ya tsaya masa, nasa da sauƙi. Baƙon da ya ga tallarka a Facebook ko a zauren WhatsApp kuwa, kada ku haɗu a gidanka, kada kuma ka je inda shi ya zaɓa. Ka sa wurin haɗuwa inda jama'a suka san ka, gaban shagon abokinka ko majalisarku, da rana tsaka.

Ka nemi katin shaidarsa, na ɗan ƙasa ko lasisin tuƙi, ka duba fuskar da ke jiki, ka ɗauki hoton katin da izininsa. Ka kira lambar da ya ba ka a gabansa ka ji ta yi ƙara. Wasu kan ce, "Ga wayata ka riƙe." Kada ka yarda da wannan a matsayin jingina, domin akwai wayar da kuɗinta bai kai na cajarka ba, akwai kuma wadda ba ma tasa ba ce. Ka zo da ɗan'uwa ko aboki a kan wani babur, wanda zai bi bayansa duk inda ya yi. Ka cire rasit da sauran takardu daga ƙarƙashin kujera, ka bar makulli na biyu da rimot a aljihunka.

Mutumin kirki ba ya jin haushin wannan. Ni nakan ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba zarginka nake ba. Ko ƙanena ne haka nake masa." Ban taɓa ganin mai niyyar saye da gaske ya juya saboda wannan ba.

Sai maganar ɓarna, wadda mutane ke jin nauyin tayarwa har sai ta auku. Ku yi ta a gaban shaida kafin ya hau: in ya faɗi da babur, madubi ya karye ko roba ta fashe, wa zai gyara? Ni abin da nake ganin adalci shi ne, abin da ya lalace saboda faɗuwa ko ganganci na mai ɗani ne, abin da ya mutu don kansa yana cikin tafiya lafiya na mai babur ne. Yaro kuwa ba a ba shi, ko da mahaifinsa ne mai sayen yana tsaye. Wanda kuma bai iya ko keke ba, koyo yake buƙata, wannan aikin wata rana ne.

Idan mace ce mai sayen, kuma yanzu malamai mata da ɗalibai suna tambaya sosai, ka ce ta zo da mijinta ko ɗan'uwanta. Shi zai yi mata goyon da zan yi bayani a gaba, kai ka tsaya gefe kana nuna musu.

Mataki na uku: shirya babur ɗin, ba tare da kwalliyar ɓoye aibi ba

Ka duba iskar tayoyi, domin taya mai laushi tana cinye caji kuma tana sa kan babur ya yi nauyi. Ka matsa birkin gaba da na baya ɗaya bayan ɗaya. A yawancin waɗannan babura akwai ɗan makunni a jikin hannun birki wanda ke yanke wutar inji da zarar an matsa. Ka ɗaga tayar baya, ka murɗa totur kaɗan, ka taɓa birki ka ga ko injin ya ɗauke nan take. In bai ɗauke ba, kada ka ba kowa ɗani sai an gyara. Ka gwada fitila, sigina da oda. Ka sa sifana a notocin tayar baya, inda injin yake, ka tabbatar ba su saki ba, ka kuma duba wayar da ta fito daga cibiyar tayar ko ta goge.

Ka wanke ƙurar hunturu, ba laifi. Amma in allon da ke kan babur yana yin ƙarya wajen nuna caji, ko batir ya fara gajiya, ko kwantirola, wato na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa inji daga batir, ta taɓa ƙonewa an canza ta, ka faɗa da bakinka kafin ya gano. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, kuma a cinikin babur mai caji mafi yawan ha'incin a batir yake ɓuya, tunda ido ba ya ganin cikinsa.

Ga wata dabara da nake so kowane mai babur ya ɗauka. Kada ka zare caja ka miƙa masa nan take. Batirin da aka cire daga wuta yanzu yakan nuna ƙarfin da ya fi na gaskiya, ko tsoho ne zai yi zafin nama na ɗan lokaci. Ka bar shi ya huta awa ɗaya ko biyu. Mafi kyau ma, ka kawo babur ɗin bayan ka yi rabin zirga-zirgarka ta yini, caji ya sauka wajen rabi, domin halin da zai riƙa samunsa ke nan duk yamma in yana komawa gida.

In kana da ƙaramar mitar gwajin wuta irin ta masu gyaran rediyo, ka zo da ita. Batirin dalma mai 12V in ya cika ya huta yakan nuna kusan 13. Babur mai 48V guda huɗu ke cikinsa, mai 60V guda biyar, mai 72V guda shida. Ke nan mai 60V in yana cike zai nuna wajen 64 zuwa 65, kuma kwantirola takan yanke wuta in ya sauka kusa da 52. Ku auna gaba ɗaya, sannan in za a iya buɗewa ku auna ɗaya bayan ɗaya. A jere aka haɗa su, don haka guda ɗaya in ya raunana shi ke jan sauran ƙasa, kamar shanun huɗa da ɗaya ya gurgunce.

Mataki na huɗu: wuri da lokaci

A fara a fili, inda babu mota babu kwata. Filin ƙwallo ko filin makaranta ranar da ba karatu ya isa, bayan an nemi izinin masu wurin. Daga nan ka tsara zagayen da bai wuce kilomita uku zuwa biyar ba, wanda kai ka san kowane rami a cikinsa. Ya kasance akwai kwalta mai kyau, akwai hanyar burji, akwai tudun rage gudu, akwai kuma hawa. Zariya ba garin tuddai ba ce, amma duk inda hanya ta gangara rafi, kamar wajen Kubanni, dole ta sake hawa, kuma wannan ɗan hawan ya isa ya tona asirin batir.

Kwangila, PZ, Ƙofar Doka da babbar hanyar Kaduna zuwa Kano ba wuraren ɗani ba ne. Wanda bai saba da totur ɗin nan ba bai kamata ya koye shi tsakanin tirela da tanka ba. Lungunan cikin Birni ma a bar su sai ya ƙware, saboda yara da awaki. Lokaci kuwa, hantsi ko bayan la'asar. Ban da dare, ban da lokacin tashin makarantu, ban da ranar Juma'a gab da masallaci, ban da kuma ranar da aka yi ruwa laka ta cika hanya.

Mataki na biyar: minti biyar na koyarwa

Nan ne na fi so a tsaya, domin nan ake jin ciwo. Abin mamaki, wanda ya shekara ashirin yana hawa babur mai mai shi ya fi shiga haɗari a minti na farko, saboda hannunsa da kunnensa sun saba da wani abu daban.

Babur mai mai in yana kunne kana jin sa yana kaɗawa, kuma ba zai motsa ba sai ka kama kuloci ka sa giya. Mai caji in ka murɗa makulli shiru kake ji, kamar a kashe yake, alhali a shirye yake tsaf. Ba kuloci, ba giya, kuma injin lantarki yana ba da ƙarfinsa tun daga tsaye, ba sai ya ɗau wuta ba.

Na ga wannan da idona. Wani maƙwabcinmu, dattijo mai natsuwa wanda ya daɗe yana hawa babur, ya zo ɗani wata safiya. Na kunna, na juya ina amsa gaisuwar wani. Shi kuwa yana tsaye a gefen babur ɗin, bai hau ba, ya kama kan da hannu biyu, ya murɗa totur irin yadda aka saba yi don a ji ƙarar inji. Babur ya zabura. Da ya ji yana ƙwace masa sai ya ƙara damƙewa, damƙewar kuwa ƙara murɗawa ce, ya ja shi taku uku ya haɗa shi da bango. Gwiwarsa ta kurje, hularsa ta faɗa kwata, fitilar gaba ta fashe. Allah ya kiyaye babu yaro a wajen. Laifin nawa ne, domin na kunna kafin in yi bayani, kuma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Tun ranar makulli ba ya shiga sai mutum ya zauna.

Ga jerin da nake bi, kuma nakan sa mutum ya maimaita mini da bakinsa. Ya sa hular kwano ya ɗaure igiyarta. Ya hau ya zauna daram, ƙafafu biyu a ƙasa. Ya ture ƙafar da ake kafe babur da ita. Ya matsa birki ya riƙe. Sai a murɗa makulli. A duba maɓallin gudu, wanda galibi ke da lamba 1, 2 da 3, a tabbatar yana kan 1. Wasu baburan suna da alamar P a allo, ba sa tashi sai an taɓa birki ko wani maɓalli, ka nuna masa naka yadda yake. Sannan ya saki birki, ya murɗa totur kaɗan-kaɗan kamar mai buɗe famfo. In zai sauka, ya kashe makulli tukuna. Kada ya taɓa tura babur da hannu makulli na kunne.

Ka nuna masa inda birki yake. A ƙananan nan masu faffaɗan wurin ajiye ƙafa, birki biyun duk a hannu suke, na hagu shi ne na baya, na dama na gaba. Wanda ya saba da babur ɗin acaba, in abu ya taso ƙafarsa ta dama za ta tafi neman birkin da babu shi. Ya gwada tsayawa sau biyar ko shida a fili har hannu ya karɓi aikin. Ka kuma gaya masa cewa in ya saki totur, yawancinsu ba sa riƙe kansu kamar yadda giya ke riƙe mai mai, sulalewa suke ci gaba da yi, don haka a gangara birki ne kaɗai abin dogaro. In akwai maɓallin komawa baya, ka nuna masa shi domin kada ya danna bisa kuskure.

Sai shirun. Mai tafiya a ƙasa a garin nan da kunne yake tsallaka titi, ba da ido kaɗai ba. Mai tallar goro, almajiri da kwanonsa, tsohuwa da ta fito daga lungu, duk ba za su ji zuwansa ba. Yatsansa ya zauna kusa da oda.

Ka dubi kayan jikinsa. Babbar riga a naɗe ta a zauna a kai, hijabi da gyale a tattare su kada gefensu ya kai taya, silifas kuma a canza shi da takalmin da ya rufe ƙafa in da hali.

Mataki na shida: ɗanin kansa

Ka fara ɗaukarsa a baya ku yi zagayen tare. Da haka zai san hanyar, zai ga yadda kake sarrafa totur, zai kuma ji yadda babur ke ja da mutum biyu, wanda shi ne ainihin aikin da zai riƙa yi. Bayan nan ya hau shi kaɗai a fili, a lamba 1, ya yi zagaye, ya yi kwana hagu da dama, ya tsaya ya tashi. Sai ka ga kafaɗunsa sun saki, ya daina kallon hannunsa ya koma kallon gaba, sannan ku fita hanya, abokinka na biye da shi.

Ka gaya masa abubuwan da zai lura da su, domin in ba ka faɗa ba daɗin iska zai ɗauke masa hankali. A hawa, ya dubi sandunan caji a allo. Saukar sanda ɗaya a hawa sannan ta dawo a miƙaƙƙiyar hanya ba matsala ba ce, halin batir ne in an matsa masa. Amma in sanduna biyu ko uku suka ɓace a ɗan hawa, ko babur ya ɗauke gaba ɗaya, batirin ya tsufa ko ya yi wa nauyin kaɗan. A tudun rage gudu ya saurara ko ƙasan babur na gogar siminti, tunda a nan akwatin batir yake a yawancinsu. A hanyar burji ya ji yadda ƙananan tayoyin nan masu inci 10 ko 12 ke faɗawa rami, ba kamar manyan tayoyin da ya saba da su ba. Ya gwada lamba 2 da 3 a inda hanya ta buɗe, amma ya sani cewa gudu shi ya fi komai cin caji, nisan da ake rubutawa a kwali kuma galibi da mutum ɗaya mara nauyi ake samunsa, a hankali, a shimfiɗaɗɗiyar hanya.

In mai ɗaukar kaya ne, ku ɗora abin da ya kai nauyin kayansa, ko jarkar ruwa biyu, ya sake hawan nan.

Da ya dawo, kafin a fara hira, ya sa bayan hannunsa a jikin injin tayar baya. Ɗumi ba komai. Zafin da ba za a iya barin hannu a kai ba bayan 'yar gajeriyar tafiya alama ce ta wahala, ko birki na kamawa ko nauyi ya yi yawa. Ku sake auna batir ku kwatanta da na farko.

Mataki na bakwai: lissafi da abubuwan da ɗani ba ya nunawa

Yanzu ku zauna a inuwa da biro da takarda. Lambar V ta babur gaba ɗaya da lambar Ah da ke jikin batir, a ninka su. 60V sau 20Ah ya ba da 1,200, wato yunit 1.2 na mitar wuta. Caja tana zubar da wani abu ta hanyar zafi, don haka a ce yunit ɗaya da rabi kafin ya cika daga ƙasa. Ko da farashin naira 225 kan kowane yunit da aka sanar wa 'yan rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta, a watan Afrilun 2024, cikawa ɗaya ba ta kai naira 350 ba. Ka tambaye shi lita nawa yake sha a mako, ya yi nasa lissafin da kansa.

Amma kada ka tsaya a nan, domin rabin labarin ke nan. Batir ƙarewa yake. Na dalma yakan ɗauki caji sau ɗari uku zuwa ɗari biyar kafin ya gaji, mai hawa kullum ke nan zai iya neman sabo cikin shekara ɗaya zuwa biyu, kuma zafin Maris da Afrilu na garin nan yana rage masa kwana, haka ma barinsa ya kwana ba caji. Litiyom ya fi daɗewa nesa ba kusa ba, sai dai ya fi tsada. Kuɗin man da ya rage, wani kaso a ciki na sabon batir ne, gara ya fara ajiye shi tun watan farko. Ka faɗa masa watan da ka sayi naka, da nisan da yake kai ka yana sabo, da wanda yake kai ka yau. A sanyin Disamba da Janairu ma nisan yakan ɗan ragu da safe.

Ka nuna masa cajar, ka gaya masa awa nawa take ɗauka. Ta batirin dalma takan ci awa shida zuwa takwas, don haka wanda wutar unguwarsu ba ta wuce awa uku a jere dole ya san inda zai riƙa cikawa, ko wurin aiki ko sola. Kowane batir da cajarsa, ba a aron ta wani don bakin ya shiga. Ba a caji a ɗakin kwana, ko a zauren da shi ne kaɗai hanyar fita, ba a rufe caja da tsumma, batirin da ya kumbura kuma an gama da shi. Gobarar litiyom tana da wuyar kashewa, wannan maganar a yi ta da gaske.

Ka faɗa masa wanda ke maka gyara da inda kake samun kaya. Babu baƙin mai, babu fulogi, babu kaca a masu inji cikin taya, wannan sauƙi ne babba. Amma ranar da kwantirola ko totur ya mutu, ba kowane bakanike ne zai taɓa ba. Ko facin tayar baya sai an tsaya a kan mai faci, domin in ya fizgi tayar kamar yadda ya saba zai tsinke wayar inji. A damina kuma, yayyafi da ruwan sama ba sa hana tafiya, amma ruwan da ya taru ya kai cibiyar taya a watan Agusta ba a shiga, a kewaye.

Mataki na takwas: ciniki, in an kai can

Kada ka nemi amsa yana saukowa. Mutum in ya sauka daga ɗani zuciyarsa a sama take, abin da ya yanke a lokacin yakan zama nadama. Nakan ce, "Ka je ka kwana da maganar, ka yi shawara da iyali. In kana so gobe ka dawo mu bi ainihin hanyar wurin aikinka, zuwa da dawowa." Wannan ɗani na biyu shi ne mai yanke hukunci, kuma ga wanda ya nuna da gaske yake, ya cancanci cajin da za ka ƙona.

In naka zai saya, a rubuta takarda da sunayenku, da lambar jikin babur, da irin batirin da shekarunsa, da duk aibin da ka faɗa, shaidu biyu su sa hannu. Ka haɗa masa da rasit na asali, caja, makullai da rimot. Kuɗi su shiga asusunka ka gani a manhajar bankinka, ba a hoton da ya nuna maka ba. In kuwa sabo zai sayo kuma kai za ka raka shi wurin mai shago, in akwai la'adar da za a ba ka, ya sani tun a hanya.

Bayan ya tafi, ka zagaya babur ɗinka ka duba madubi, robobi, tayoyi da hannun birki tun shaidarka bai bar wurin ba. Ka mayar da maɓallin gudu kan 1, ka kai shi inuwa, ka bar batir ya huce kamar rabin awa kafin ka sa caja.